Kwas ɗin Asabar Kan Shugabancin Ƙasa a Garki: Inda Ya Biya Kuɗinsa da Inda Ya Gaza

A wani bene da ke unguwar Garki a Abuja akwai wata ƙaramar cibiyar horaswa da ke gudanar da kwas na ƙarshen mako a kan tsarin shugabancin ƙasa da kuma hanyoyin da ɗan ƙasa zai bi a dama da shi a siyasa. Ana zama ranar Asabar daga hantsi zuwa la'asar, ana biyan kuɗin kashi biyu, kuma akwai aji na musamman da ake yin bayani da Hausa, ko da yake takardun karatun da Turanci suke. Ni ɗalibin kimiyyar siyasa ne, kuma abin da ya kai ni shi ne kundin kammala digiri da nake shirin rubutawa a kan ikon shugaban ƙasa a Jamhuriya ta Huɗu. Ra'ayina a taƙaice shi ne rabin farko na kwas ɗin, wato wanda ya shafi kujerar shugaban ƙasa, ya fi ƙarfin kuɗin da aka karɓa, amma rabin na biyu, wanda aka yi tallarsa da sunan shiga harkokin siyasa, bai kai ga abin da aka alkawarta ba, alhali kuwa shi ne ya kawo yawancin mutanen da na tarar a ajin.

Ɗakin karatun ba wani abin nunawa ba ne. Kujerun roba ne, da farin allo, da fanka biyu da ke tsayawa duk lokacin da aka ɗauke wuta har sai an tayar da janareta. Abin da ya ƙawata ajin shi ne mutanensa, domin akwai ɗalibai irina, da masu bautar ƙasa, da ƙananan ma'aikatan gwamnati, da 'yan kasuwa daga Wuse, da wasu iyaye mata da ke tahowa tun daga Karu da Gwagwa. Malamin da ya ɗauki rabin farko dattijo ne wanda ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce tun daga zaman farko: ba a yin jayayya a ajinsa sai da kundin tsarin mulki a buɗe. Ya raba mana kwafin sassan da suka shafi ɓangaren zartarwa, kuma duk wanda ya ce “doka ta ce”, sai ya miƙa masa takardar ya ce, “Nuna mini sashen, ka karanta da ƙarfi kowa ya ji.” Mutane da yawa da suka zo da tabbacin cewa shugaban ƙasa yana iya korar gwamna ko rushe majalisa duk ranar da ya ga dama sun yi ta jujjuya shafuka ba su sami inda aka rubuta hakan ba.

Ya fara ne da tarihi, kuma bai ɓata lokaci a kai ba. A Jamhuriya ta Farko, bayan kundin 1963, Nnamdi Azikiwe shugaban ƙasa ne na girmamawa, iko kuwa yana hannun Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da majalisar da ta samar da shi. Tsarin da muke kai yanzu ya samo asali ne daga kwamitin rubuta kundin tsarin mulki da Janar Murtala Muhammad ya ƙaddamar a watan Oktoba na 1975 a ƙarƙashin Rotimi Williams, wanda aikinsa ya haifar da kundin 1979. Dalilin sauyin, kamar yadda Malam ya bayyana, shi ne gudun abin da ya faru a baya, lokacin da mutum zai iya riƙe ƙasa da ƙarfin yanki ɗaya kawai. Shi ya sa aka gindaya sharaɗin cewa bai isa ɗan takara ya fi kowa yawan ƙuri'u ba, sai ya sami aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a kashi biyu cikin uku na jihohin ƙasar.

A nan ne aka yi darasin da ya fi kowane tsaya mini a rai. Malam ya rubuta 19 a allo, wato yawan jihohin Najeriya a 1979, ya ce kowa ya fitar da kashi biyu cikin uku. Amsar ita ce 12 da biyu bisa uku. Alhaji Shehu Shagari na jam'iyyar NPN ya sami kashi ɗaya cikin huɗu a jihohi 12, amma a jihar Kano, inda Malam Aminu Kano na PRP ya yi rinjaye, abin da ya samu bai kai kashi 20 cikin ɗari ba sosai. Obafemi Awolowo na UPN ya kai ƙara yana cewa jiha ba ta rabuwa, don haka sai an cika 13, lauyan NPN Richard Akinjide kuma ya ce a lissafa kashi biyu cikin uku na ƙuri'un Kano, sannan a nemi kashi ɗaya cikin huɗu na wannan adadin, wanda Shagari ya zarce. Kotun Ƙoli ta tabbatar da zaɓen a ranar 26 ga Satumba 1979, aka rantsar da Shagari ranar 1 ga Oktoba. Wani ɗan kasuwa da ya riga kowa kammala lissafin ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, ashe jiha ma ana raba ta kashi uku kamar buhun masara?” Malam ya yi murmushi ya ce, “Alhaji, alƙalan ma ba duka suka yarda ba, akwai wanda ya saɓa.” Na karanta wannan shari'a a jami'a, amma ban fahimci nauyinta ba sai da na ga an yi lissafin da hannu a gaban mutanen da suka saba ƙirga kuɗi kullum.

Daga nan ya ɗauko mu zuwa 2023, ya nuna cewa gardamar ba ta mutu ba, sauya kaya kawai ta yi. Sashe na 134 na kundin 1999 ya ambaci kashi biyu cikin uku na jihohi da Babban Birnin Tarayya, kuma Bola Tinubu, wanda ya sami ƙuri'u kimanin miliyan 8.79, bai kai kashi 25 cikin ɗari a Abuja ba, inda Peter Obi ya yi nasara. Tambayar ita ce ko Abuja sharaɗi ce ta daban ko kuwa ana ƙirga ta ne kamar sauran jihohi. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 26 ga Oktoba 2023 cewa ƙuri'ar mazaunin Abuja ba ta fi ta mazaunin wata jiha daraja ba. Ajin ya ɗauki zafi a wannan rana, tun da kusan kowa a nan yake zaɓe, kuma kowa yana da gwaninsa. Abin yabo shi ne Malam bai bari an gane inda ya karkata ba, kuma da wani matashi ya fara zagin wata jam'iyya sai ya katse shi da cewa a koma kan sashen, a bar masu takara su huta.

Makonnin da suka biyo baya an bi ikon kujerar ɗaya bayan ɗaya, tare da abin da ke taka mata birki. Mun karanta sashe na 58, wanda ya ba shugaban ƙasa kwana 30 ya sa hannu a ƙudiri ko ya ƙi, kuma ya ba majalisa damar tsallake shi da rinjayen kashi biyu cikin uku a kowane zaure, kamar yadda aka yi wa Olusegun Obasanjo a kan dokar hukumar raya yankin Neja Delta a 2000. Mun karanta sashe na 143 kan tsige shugaba, wanda ke farawa da sa hannun kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa, ya bi ta kwamitin mutum bakwai da Alƙalin Alƙalai ke naɗawa, doguwar hanyar da ba a taɓa kai ƙarshenta ba a matakin tarayya. Mun tsaya a kan sashe na 145 da rikicin da ya biyo bayan tafiyar Umaru Musa 'Yar'aduwa jinya Saudiyya a watan Nuwamba na 2009 ba tare da miƙa wasiƙa ga majalisa ba, har majalisar ta ayyana Goodluck Jonathan a matsayin muƙaddashi ranar 9 ga Fabrairu 2010 bisa hujjar larura, abin da ya sa daga baya aka gyara sashen. Mun kuma duba sashe na 305 kan dokar ta-ɓaci, da yadda aka dakatar da gwamnan Filato Joshua Dariye a watan Mayu na 2004 aka naɗa Janar Chris Alli ya riƙe jihar na wata shida, sai Malam ya sa muka nemi jimlar da ta ambaci dakatar da gwamna a cikin sashen. Ba mu same ta ba, kuma ya ce wannan shi ne tushen saɓanin da masana doka ke yi duk lokacin da aka maimaita irin wannan mataki.

Abin da na ɗauka daga wannan ɓangare, kuma ya sauya alƙiblar kundin da nake rubutawa, shi ne cewa ƙarfin shugaban Najeriya bai tsaya ga abin da aka rubuta masa ba. Takardar ta tanadi birki da yawa, kuma akwai ranar da birkin ya kama, kamar ranar 16 ga Mayu 2006 da Majalisar Dattawa ta yi watsi da gyaran kundin tsarin mulki da zai ba shugaban ƙasa damar zango na uku. Sai dai naɗe-naɗe, da sakin kuɗin kasafi, da riƙe akalar jam'iyya, su ne ke sa ɗan majalisa ya yi tunani sau biyu kafin ya yi amfani da ikon da yake da shi. Ko sashe na 147, wanda ya wajabta naɗa aƙalla minista ɗaya daga kowace jiha domin a tabbatar da daidaito, a aikace ya zama hanyar da fadar shugaban ƙasa ke samun wakili mai ƙarfi a siyasar kowace jiha. Malam bai faɗi haka kai tsaye ba, misalai ya jera ya bar mu muka kai ga wurin da kanmu, kuma a ganina haka koyarwa ta ƙwarai take.

Matsalar ta fara ne da makon kwatanta tsarinmu da na Amurka. Kwatancen yana da muhalli, tun da daga can aka aro tsarin, amma matashin da ya karɓi ajin ya zo da allunan kwamfuta da aka shirya domin ɗaliban wata ƙasa, ya yi ta karanta su layi-layi. An shafe yini ana bayanin wakilan zaɓe 538, wato waɗanda ke zaɓar shugaban Amurka a madadin jihohinsu, da buƙatar samun 270, da gyara na 22 na kundin Amurka da ya taƙaita zango zuwa biyu a 1951, ba tare da an haɗa ko ɗaya da abin da muka karanta a kundinmu ba. Da a ce ya tambaye mu me ya sa Najeriya ta zaɓi sharaɗin kashi ɗaya cikin huɗu maimakon wakilan zaɓe, da an sami tattaunawa mai ma'ana, domin matsala ɗaya suke ƙoƙarin warwarewa ta hanyoyi biyu.

Shi ne kuma ya ɗauki ɓangaren shiga siyasa gaba ɗaya, kuma a wurinsa shiga siyasa abu biyu ne: ka mallaki katin zaɓe, sannan ka yi suna a Facebook da X. Ya kawo alƙaluman da suka dace, cewa daga cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista, kimanin kashi 27 cikin ɗari ne kawai suka fito zaɓen shugaban ƙasa na 2023, amma bai tsaya ya tambayi ajin dalilin da ya hana maƙwabtansu fita ba, alhali amsoshin suna zaune a gabansa. Ya yabi dokar rage shekarun tsayawa takara da Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 31 ga Mayu 2018, wadda ta mayar da shekarun neman shugabancin ƙasa daga 40 zuwa 35, da na majalisar wakilai da majalisun jihohi daga 30 zuwa 25. Bai ambaci cewa a 2022 fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100 ne a APC, miliyan 40 a PDP ba, kuma bai yi bayanin yadda ake zama ɗan jam'iyya a mazaɓa, ko yadda ake fitar da daliget, ko abin da wakilin jam'iyya ke yi a rumfar zaɓe lokacin ƙirga ƙuri'a ba. Matashin da ya fita daga wannan aji ya san yana da 'yancin tsayawa takara, amma bai san ƙofar da zai fara ƙwanƙwasawa ba.

Giɓin ya fito fili ranar da wata dattijuwa daga Gwagwa ta yi tambaya a kan magudanar ruwan unguwarsu da ke cika gidaje da ambaliya kowace damina, tana son ta san wanda ya kamata su kai wa kuka. Malamin ya ce ta ɗauki hoto ta sa a intanet, ta maƙala sunan minista, idan mutane suka yaɗa za a ji. Ta ce, “Ɗana, ni wayata kira kawai take yi, kuma ba minista nake nema ba, wanda zan iya zuwa ƙofar ofishinsa da ƙafata nake nema.” Ajin ya yi shiru, shi kuma ya wuce zuwa allo na gaba. Amsar tambayarta ita ce ya kamata ta zama ƙashin bayan wannan ɓangare. Abuja ba ta da gwamna ko majalisar jiha, minista ne da shugaban ƙasa ya naɗa ke tafiyar da ita, Majalisar Tarayya ce ke yi mata doka, kuma wakilcinta a can sanata ɗaya ne da 'yan majalisar wakilai biyu. Saboda haka zaɓaɓɓun da suka fi kusa da mazauninta su ne shugabanni da kansilolin ƙananan hukumomi shida, wato Birni da Kewaye, da Bwari, da Gwagwalada, da Kuje, da Kwali, da Abaji, kuma hukumar zaɓe ta ƙasa ce da kanta ke gudanar da zaɓensu, ba kamar jihohi ba inda hukumar jiha ke yi. Kwas da aka shirya domin mazauna Abuja ya ƙare ba tare da an zana wannan tsari a allo ba.

Haka aka tsallake sauran kayan aikin da doka ta riga ta miƙa wa ɗan ƙasa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa damar rubuta wa ma'aikata ya nemi bayanin kwangila ko kasafi, kuma ta wajabta amsa cikin kwana bakwai, don haka awa ɗaya ta isa a koya wa ajin rubuta irin wannan wasiƙa. Zaurukan majalisa biyu suna da kwamitocin karɓar ƙorafin jama'a, kuma ana gayyatar mutane zaman sauraron ra'ayi kafin a zartar da manyan ƙudirori. Sashe na 69 ya tanadi yi wa ɗan majalisa kiranye idan fiye da rabin masu rajista a mazaɓarsa suka sa hannu, kuma yunƙurin da aka yi wa sanatan Kogi ta Yamma, wanda ya faɗi a matakin tantance sa hannu a 2018, darasi ne a kan wahalar hanyar. Na yi mamaki kuma da aji na Hausa ya yi magana kan gwagwarmayar talaka ba tare da an ambaci NEPU ba, jam'iyyar da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, wadda ta gina magoya baya ta hanyar zagaya kasuwanni da unguwanni, ko Hajiya Gambo Sawaba da ɗaurin da ta sha, ko cewa matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya ba sai a 1979. Iyaye matan da ke ajin sun cancanci jin wannan tarihi, domin nasu ne.

Takardar talla ta yi alkawarin ziyara zuwa Majalisar Tarayya domin kallon zama daga benen baƙi, kuma wasu sun ce saboda ita suka biya. Ba a yi ziyarar ba. Majalisa tana zama ne daga Talata zuwa Alhamis, kwas ɗin kuwa na Asabar ne, kuma ga alama masu cibiyar ba su tanadi rana a tsakiyar mako ko rubuta takardar neman izini a kan lokaci ba. An ɗage ta, aka sake ɗagewa, daga ƙarshe aka nuna mana bidiyon wani tsohon zama a ɗakin karatu, ba a kuma rage ko kwabo daga kuɗin ba.

A ɓangaren hidima, akwai abubuwan da aka kyautata. Ana tsayawa sallar azahar a kan lokaci, akwai wurin alwala mai tsabta da keɓantaccen ɗaki ga mata, kuma abincin rana, wanda yawanci shinkafa da miya ne ko dafa-duka, yana cikin kuɗin da aka biya. Takardun rabin farko an buga su da kyau, har yanzu ina amfani da su, na rabin na biyu kuwa ta WhatsApp aka turo su, abin da ya bar marasa babbar waya ba su da komai a hannu. Ana fara zama a makare sau da yawa saboda jiran masu tahowa daga Nyanya da Mararaba, kuma lokacin da ake rasawa daga ɓangaren tambayoyi ake cire shi. Takardar shaidar da ake bayarwa ta halarta ce kawai, ba ta da nauyin da za ta ƙara wa mutum matsayi a wurin aiki, kuma ma'aikaciyar da ke karɓar kuɗi ta faɗa mini haka da gaskiya tun kafin in biya.

Ɗalibin siyasa ko shari'a ko aikin jarida, da duk wanda ke son ya daina jayayya da jita-jita a majalisar shayi, zai amfana ƙwarai da rabin farko, muddin dattijon nan ne ke koyarwa. Wanda kuma ya zo domin ya san yadda zai kai kukan unguwarsa, ko ya shiga jam'iyya a mazaɓarsa, ko ya nemi kujerar kansila, ya kamata ya biya kashin farko kawai, sannan kafin ya biya na biyu ya nemi a nuna masa jadawalin darussa a rubuce, da sunan wanda zai koyar, da ranar da aka tsayar domin ziyarar majalisa.